Yadda na isar da sabon saiti zuwa dukkan nod ɗin WebSphere da wsadmin

Aikin da aka ɗora mini bai wuce layi biyu a takarda ba. An ce a ƙara girman ƙwaƙwalwar da kowace JVM, wato injin Java da sabar ke gudana a cikinsa, za ta iya ci zuwa megabait 2048, sannan a ɗaga yawan layukan haɗi da rumbun bayanai daga 10, adadin da WebSphere, dandalin da ke ɗaukar manhajojin Java yana gudanar da su, ke zuwa da shi, zuwa 50. Manhajar tana gudana a kan WebSphere Application Server Network Deployment 8.5.5, gungu ɗaya, wato rukunin sabar da ke gudanar da manhaja guda tare, mai nod huɗu, kowane nod reshen WebSphere ne mai sabar ɗaya a na'urarsa ta Linux, sai babban manaja, wato dmgr, a wata na'ura daban. Sharaɗin shi ne a yi da sikirif, wato rubutaccen jerin umarni da ake miƙa wa wsadmin, kayan aikin WebSphere na layin umarni, ba a taɓa shafin gudanarwa da hannu ba, domin abin da aka yi a wurin gwaji a maimaita shi daidai wa daida a wurin da jama'a ke aiki. Ina rubuta yadda ta kaya ne saboda wanda za a ba irin wannan aiki gobe, don ya san tun da wuri cewa canji a wannan tsari zango uku yake bi: a adana shi a wurin dmgr, a kai shi kowane nod, sannan sabar ta ɗauke shi ta fara aiki da shi. Kowane zango yana iya tsayawa shiru ba tare da wani saƙon kuskure ba.

Kafin a kai ga kwamfuta sai da aka bi ta takarda. Na cike fom ɗin neman izinin canji, inda ake son a ga abin da za a taɓa, lokacin da za a yi, tsawon lokacin da masu amfani za su iya jin tangarɗa, da yadda za a koma baya idan abu ya ɓaci. Kwamitin da ke duba irin waɗannan takardu ba kullum yake zama ba, saboda haka wanda ya rasa zama ɗaya sai ya jira na gaba. Takardata ta dawo mini da tambaya guda: shin masu kula da rumbun bayanai sun yarda? Tambayar tana kan hanya. Adadin 50 ɗin nan na kowace sabar ne, ba na gungun gaba ɗaya ba, ke nan sabar huɗu za su iya buɗe layi 200 a lokaci guda, kuma rumbun yana da nasa iyakar. Na je wurinsu, suka duba, suka ce akwai sarari, suka sa hannu. Wannan zirga-zirgar ta ci lokaci fiye da rubuta sikirif ɗin kansa, amma ban ga laifinta ba.

Daga nan sai batun asusu. WebSphere yana raba ikon gudanarwa gida-gida. Mai matsayin monitor kallo kawai yake yi, configurator yana iya canza saiti amma ba ya iya tsayar da sabar ko tayar da ita, operator yana iya tsayarwa da tayarwa amma ba ya canza saiti, administrator kuma ya haɗa duka. Asusun da aka fara ba ni na configurator ne, don a fom an rubuta "canza saiti". Da na karanta matakan aikin ga shugabar sashenmu, ita ce ta tsayar da ni. Ta ce, "Malam, wa zai sake tayar maka da sabar ɗin da tsakar dare?" Na ce, "Ranki ya daɗe, ai ni ne." Ta ce to a koma a nemi ƙarin iko. Wani fom ɗin ke nan, wani jiran kuma. Duk wanda zai yi wannan aiki ya nemi ikon da zai kai shi ƙarshen aikin tun a takardar farko.

Sikirif ɗin da Jython na rubuta shi, wato Python mai gudana a kan Java. A 8.5.5 in ba ka sa -lang jython ba, wsadmin da Jacl, ɗaya yaren sikirif ɗin da yake ji, yake tashi, sai a sigar 9 ta 2016 ne Jython ya zama na asali. Jython ɗin da ke cikin 8.5.5 kuma tsoho ne, 2.1, bai ma san True da False ba, don haka wanda ya saba da Python na zamani zai yi ta tuntuɓe a ƙananan abubuwa. Wani abin da ke rikita sabon shiga shi ne AdminConfig.list ba jerin abubuwa yake dawowa da shi ba, dogon rubutu ne guda mai layi-layi, sai ka yanka shi da splitlines kafin ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ana haɗawa da dmgr ta SOAP, wata ƙa'idar musayar saƙo, a ƙofa mai lamba 8879, in dai ba a canza ta lokacin kafawa ba. Sunan asusu da kalmar sirri ban sa su a layin umarni ba, domin duk wanda ya buga ps, umarnin da ke nuna abin da ke gudana, a na'urar zai gan su ƙuru-ƙuru. Na sa su a soap.client.props, na bi da PropFilePasswordEncoder. Shi ma wannan lulluɓe kalmar kawai yake yi da xor, wanda ya samu fayil ɗin zai iya warware ta cikin sauƙi, don haka izinin karanta fayil ɗin shi ne ainihin kariyar.

Canjin kansa gajere ne. Ga kowace sabar a gungun na kira AdminTask.setJVMMaxHeapSize da sunan nod da sunan sabar da adadin. Ga layukan haɗi na nemo ConnectionPool na DataSource ɗin manhajar, wato saitin haɗinta da rumbun bayanai, na canza maxConnections da AdminConfig.modify. A nan ya kamata mutum ya fahimci inda canjin yake zaune. Duk abin da ka yi kafin AdminConfig.save() yana cikin wani wurin wucin gadi ne a babban fayil na wstemp a na'urar dmgr, ba wanda ya san da shi sai zamanka na wsadmin. In ka fita ba ka adana ba, ya tafi. Na sa sikirif ɗin ya buga AdminConfig.queryChanges() kafin ya adana, don in ga sunayen fayilolin da za a taɓa: server.xml guda huɗu, ɗaya ga kowace sabar, da resources.xml guda ɗaya a ƙarƙashin gungun. Da na ga wani fayil da ban sa rai da shi ba, AdminConfig.reset() zai watsar da komai.

A wurin gwaji komai ya tafi sumul. Na adana, na ɗan dakata, na leƙa server.xml a kan nod na ga 2048, na sake tayar da sabar, shi ke nan. Wannan sauƙin shi ne tushen ruɗanin da ya biyo baya. A wurin gwaji daidaitawa ta kai-tsaye a kunne take, kuma WebSphere yana zuwa da ita a kan minti 1, wato kowane minti wakilin nod, nodeagent, yana tambayar dmgr ko akwai sabon abu, ya jawo. Sikirif ɗina bai kai komai ko'ina ba, wakilan ne suka zo suka ɗauka da kansu.

Daren aikin na gaske na fara da kwafin ajiya. Umarnin backupConfig.sh yana naɗe dukkan saitin cikin fayil ɗin zip mai kwanan wata a sunansa, amma in ba ka ƙara masa -nostop ba, sai ya tsayar da dmgr kafin ya fara. Na sa -nostop, na tabbatar babu wanda ke cikin shafin gudanarwa yana canza wani abu, na kwafe zip ɗin zuwa wata na'ura. Sannan na saki sikirif. Ya haɗu da dmgr, ya buga sunayen fayiloli biyar ɗin nan, ya adana, ya fita lafiya lau. Na buɗe shafin gudanarwa, na ga 2048 a kowace sabar, na ga 50 a layukan haɗi. Har na fara miƙa hannu zan sake tayar da sabar ta farko, sai na ce bari dai in leƙa nod ɗin, gani ya kori ji. Na shiga na'urar farko na nemo maximumHeapSize a server.xml. Tsohon adadi. Na jira 'yan mintuna na sake dubawa, yana nan yadda yake. Na duba na biyu, haka. Gabana ya faɗi, don lokacin da aka ba ni yana tafiya, kuma a idona abu biyu ne suke ƙaryata juna.

Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Shafin gudanarwa daga babbar ma'ajiyar dmgr yake karantawa, can kuwa canjin ya zauna daram. Kowane nod yana da nasa kwafin a babban fayil na config cikin furofayil ɗinsa, kuma daga wannan kwafin sabar take tashi. A wurin aiki na gaske an kashe daidaitawa ta kai-tsaye da gangan tun kafin zuwana, kamar yadda wurare da dama ke yi, don kada wani ya adana abu da rana tsaka ya bazu ko'ina cikin minti ɗaya. Da na sake tayar da sabar a wannan hali, da ta tashi da tsohon saiti, ni kuma in rubuta a rahoto cewa an gama. Na kira wani abokin aiki da ya girme ni a harkar, na same shi bai yi barci ba. Ya ce, "Ƙanena, ka rubuta wasiƙa ka rufe ambulan, amma tana aljihunka har yanzu." Ya ce in kira daidaitawa da kaina, nod bayan nod, kuma in karanta amsar kowanne.

Ga yadda ake yi. Ga kowane nod sai ka nemo abin da ke kula da daidaitawa da AdminControl.completeObjectName('type=NodeSync,node=sunan nod,*'), sannan ka kira AdminControl.invoke a kansa da 'sync'. Amsar tana zuwa true ko false, a matsayin rubutu. Akwai gajeriyar hanya, AdminNodeManagement.syncActiveNodes(), wadda mutane da yawa ke liƙawa a ƙarshen sikirif su wuce. Ni ban so ta ba a wannan dare, kuma har yanzu ban cika son ta ba, saboda nod ɗin da wakilinsu ke raye kawai take bi. Wanda wakilinsa ya mutu ba ya cikin lissafinta, aiki ya ƙare lafiya alhali an bar ɗaya a baya. Haka ma completeObjectName, in wakilin nod ba ya aiki ba ya yin ƙorafi, fanko kawai yake miƙo maka. Dole sikirif ya samo cikakken jerin nod daga saiti, ya cire na dmgr da na sabar yanar gizo da ba su da wakili, sannan ya ɗauki fanko a matsayin matsala.

Nod na farko da na biyu suka amsa true. Na leƙa SystemOut.log na wakilin kowannensu na ga ADMS0003I, saƙon da ke cewa daidaitawa ta kammala, na kuma ga 2048 a fayil. Na uku ya daɗe har wsadmin ya yanke da cewa lokacin jira ya ƙare. Wannan daga com.ibm.SOAP.requestTimeout ne a soap.client.props, wanda yake zuwa a kan daƙiƙa 180. Yankewar ba ta nufin aikin ya tsaya a can, wsadmin ne kawai ya gaji da jira. Nod ɗin yana da bashin wani babban fayil ɗin manhaja da aka adana a baya ba a kai masa ba, shi yake ja. Wannan ya nuna mini wani abin da ban lissafa a takardar izini ba: daidaitawa ba ta zaɓen canjinka kaɗai, duk abin da wani ya adana tun daidaitawar ƙarshe tare za su taho. Na tsaya na nemi mai wannan manhaja a waya, ya tabbatar sigar da sauran nod ɗin ke gudanarwa ce, wannan nod ne aka manta. Bayan ɗan lokaci na kira isNodeSynchronized a kan NodeSync ɗin, ya ce true.

Na huɗu shi ya cinye mini dare. Wakilinsa yana raye a na'urar, ps ya nuna shi, amma daidaitawa ta ƙi, log ɗinsa cike da ƙorafin tantancewa. Na fara zargin satifiket, don satifiket da wa'adinsa ya ƙare shi ne sanadin da aka fi gani a irin wannan. Na duba, da sauransa. Sai na buga date a na'urar na kwatanta da ta dmgr, na ga tazara mai yawa. Takardun WebSphere suna neman kada agogon nod da na dmgr su yi nisan da ya wuce minti 5, domin shaidar tsaro da suke miƙa wa juna tana ɗauke da lokaci. Manhajar da ke saita agogo ta NTP ta daina aiki a wannan na'ura ba wanda ya lura. Gyaran agogo ba ya cikin ikona, na masu kula da Linux ne. Na buɗe musu takardar gaggawa, na kira wanda ke bakin aiki, na zauna jira ina kallon lokaci yana zurarewa. A wannan zaman ne na sanar da shugabar sashe cewa mai yiwuwa in nemi ƙarin lokaci, ko in bar nod ɗin a waje in ƙarasa ukun. Ta ce kada a bar gungu rabi da rabi, in lokaci ya ƙure a mayar da duka yadda suke. Na ga hikimar hakan: sabar da saitinta ya bambanta da na 'yan'uwanta tana haifar da matsalar da ke zuwa jefi-jefi, wadda sai an sha wuya kafin a gano tushenta.

Da aka gyara agogo, na bi ta hanyar da ake bi idan nod ya yi nisa da dmgr, wato syncNode.sh, wanda ake gudanarwa a kan na'urar nod ɗin kanta daga babban fayil na bin a furofayil ɗinsa. Yana da sharuɗɗa. Dole a tsayar da wakilin nod tukuna da stopNode.sh, in ba haka ba zai ƙi. Tsayar da wakili ba ya kashe sabar ɗin manhaja, suna ci gaba da hidimar jama'a, sai in ka ƙara -stopservers. Ana ba shi sunan na'urar dmgr da lambar 8879 da asusu. Abu na uku, wanda ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe: a gudanar da shi da asusun Linux ɗin da WebSphere ke aiki da shi. Wanda ya yi da root, babban asusun Linux, zai bar fayiloli mallakar root a cikin config, daga baya wakili ya kasa rubutu a kansu, a shiga sabuwar matsala. Ya gama, na karanta syncNode.log, na tayar da wakili da startNode.sh, na koma wsadmin na kira 'sync', ya ce true.

A kan wannan nod ɗin na ƙara yin cikakkiyar daidaitawa, kuma bambancinta da ta yau da kullum ya cancanci bayani. Ta yau da kullum tana dogara ne da wata alama da dmgr ke riƙewa ga kowane babban fayil, wadda ke canzawa idan an adana abu ta hanyar da ta dace. In alamar ba ta motsa ba, ba a duba abin da ke ciki. Saboda haka in wani ya taɓa gyara fayil da hannu a kan nod, daidaitawar yau da kullum za ta iya wucewa ta gefensa ta ce komai daidai. Cikakkiyar tana watsar da alamomin ta kwatanta fayilolin gaba ɗaya. A sikirif ana nemo 'type=ConfigRepository,process=nodeagent,node=sunan nod,*', a kira refreshRepositoryEpoch, sannan a kira 'sync'. Hanyar kuma ɗaya ce tak, daga dmgr zuwa nod. Duk gyaran hannu da ke kan nod za a shafe shi, don haka kafin in yi sai da na kwafe config ɗin nod ɗin gefe, ko da wani ya ɓoye wani abu a can da manhaja ta dogara da shi.

Saura zango na uku. Girman ƙwaƙwalwa ana ba JVM shi ne lokacin tashi, ba ya canzuwa tana cikin gudu, sai an tsayar an tayar. Akwai rippleStart a kan gungu, wanda ke bin sabar ɗaya bayan ɗaya, amma na zaɓi in yi da kaina don in duba kowace kafin in taɓa ta gaba. Na tsayar da ta farko, na tayar, na jira saƙon da ke cewa ta buɗe don aiki a SystemOut.log, na buga ps na ga -Xmx2048m a layin umarninta. Wannan ne shaidar da na yarda da ita, don ita ce abin da ke gudana a zahiri. Tsakanin sabar da sabar na bar tazara, saboda filogin ɗin da ke kan sabar yanar gizo, mai rarraba wa sabar ɗin buƙatun masu amfani, idan ya ga wata ta faɗi yana ajiye ta gefe, sai bayan daƙiƙa 60 a saitinsa na asali yake sake gwada ta. Wanda ya yi gaggawa zai iya kashe ta biyu alhali filogin bai dawo da ta farko ba. Akwai kuma zaɓin da ke sa wakili ya daidaita kafin ya tayar da sabar, amma a kashe yake zuwa, kuma ko an kunna shi ba ya shafar startServer.sh, domin wannan umarnin kai-tsaye yake tayarwa ba ya bi ta wakili. Kada a jingina da shi.

An gama kafin wa'adin ya cika, da ƙyar. Abin da aikin ya ci shi ne barcin mutum uku, da 'yan masu amfani da aka fitar daga zamansu suka sake shiga, tunda manhajar ba ta kwafe zaman mai amfani tsakanin sabar. Wajen rufe takardar canji na liƙa abin da queryChanges ya buga, amsar daidaitawar kowane nod, layin ADMS0003I daga log huɗu, da layin ps na kowace sabar. Hoton shafin gudanarwa ban sa shi ba, tunda na ga da idona yadda yake nuna sabon adadi alhali ba nod ɗin da ya karɓa.

Washegari na sake gina sikirif ɗin bisa abin da daren ya nuna. Yanzu kafin ya taɓa komai yana bin kowane nod ya tabbatar wakilinsa yana amsawa kuma isNodeSynchronized ya ce true. In akwai wanda ke da bashin daidaitawa, sai ya tsaya ya faɗi sunansa, don a san abin da ke jiran tafiya kafin a haɗa shi da sabon canji. Da na yi wannan binciken da rana, da matsalar agogo da ta fayil ɗin da aka manta duk sun fito tun ana da mutane a ofis. Bayan adanawa yana kiran 'sync' ga kowane nod, ya sake tambaya har sai ya samu true ko lokacin da na ɗiba masa ya ƙare, kuma in ko ɗaya ya gaza yana fita da lambar kuskure, ba ya wucewa zuwa tayar da sabar. Na ɗaga lokacin jiran SOAP a fayil ɗin da sikirif ke amfani da shi. Na kuma ƙara layi a fom ɗin gwaji da ke tambaya ko daidaitawa ta kai-tsaye a kunne take a wurin gwaji da wurin aiki duka, domin in sun bambanta, gwajin bai gwada zango na biyu ba sam. A wurin gwajinmu mun kashe ta, ta zama daidai da ta wurin aiki.